TARIHIN SARRAFA GILASHI A HARSHEN WUTA: GADON DA AKA ƁOYE DA WANDA AKA KOYAR

Yau a filinmu na tarihi za mu leƙa wata sana'a da ba kasafai muke jin labarinta ba, alhali kayanta sun daɗe a wuyan iyayenmu mata da faifan 'yan kolinmu. Sana'ar ita ce narka gilashi a kan harshen wuta, a ja shi, a murɗa shi, a hura shi, har ya zama dutsen ado, ko fure, ko kayan aikin likita. Mun ɗauko ta ne saboda tarihinta ya taɓo wata tambaya da ta shafe mu, mu da yawancinmu sana'ar hannu da fatauci suka kawo iyayenmu garuruwan da muke zaune: me ke raya sana'a, ɓoye sirrinta ko koyar da shi?

YADDA AIKIN YAKE

Gilashi haɗi ne na yashi mai tsabta, da sinadari dangin kanwa, da farar ƙasa. Idan aka dafa su a wuta mai tsananin zafi sai su narke su zama abu guda. Halinsa ya bambanta da na dalma, domin ba ya narkewa farat ɗaya. Da farko yakan yi laushi ya lanƙwashe, sannan ya yi danƙo kamar alewar da ake ja, daga baya ya riƙa zuba kamar zuma. A wannan tsakanin mai sana'a yake cin kasuwarsa.

Hanya biyu ake bi. Akwai ta babban tanderu, inda mutane da yawa ke taruwa, a ɗebo narkakken gilashi da dogon bututun ƙarfe a hura kwalba ko tulu. Akwai kuma wadda muke magana a kanta, inda mutum ɗaya zai zauna gaban tebur, ƙaramar wuta na ci a gabansa, sandunan gilashi masu launi na gefensa. In dutsen ado zai yi, sai ya ɗauki tsinken ƙarfe da aka shafa wa yumɓu don kada gilashin ya manne, ya narka bakin sanda, ya riƙa naɗa shi a jikin tsinken yana juyawa. Da ya daina juyawa, gilashin zai zube gefe guda, aiki ya lalace. Ramin nan da zare ke bi a tsakiyar dutse, gurbin tsinken ne. Launi kuwa daga ma'adinai yake zuwa: kobal na ba da shuɗi, jan ƙarfe na ba da kore ko ja, 'yar zinariya kaɗan na ba da ja mai sheƙi.

Bayan an gama akwai sauran aiki. Idan bayan gilashi ya riga cikinsa hucewa, sai ya tsage, wani lokaci ma bayan kwanaki. Shi ya sa a yau ake sa shi a ƙaramar tanda mai zafin kusan digiri 500, a bar shi ya sauka sannu a hankali. Mutanen da kuwa cikin toka mai ɗumi suke binne shi. Kafin zuwan gas, fitilar mai ko ta kitse suke kunnawa, dangin aci-balbal, da zugazugi a ƙarƙashin tebur da ake takawa da ƙafa, iska ta ratsa harshen wutar ta ƙara masa kaifi. Har gobe mutanen Italiya "aikin fitila" suke kiran sana'ar.

MURANO DA DOKAR ƁOYE SIRRI

Fiye da shekara 3,500 ke nan mutanen Masar da na ƙasar da take Iraƙi a yau suna yin duwatsun ado da 'yan tuluna na gilashi. Dabarar hura shi da bututu kuma a ƙasar Sham ta ɓulla, a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma garin da ya mayar da aikin fitila babbar kasuwa shi ne Benis na ƙasar Italiya, wanda ya daɗe yana ciniki da Sham da Masar, har tokar tsirrai da yake dafa gilashi da ita daga can yake sayowa.

A shekarar 1291 hukumar Benis ta ba da umarnin a kwashe tanderun gilashi daga cikin gari a kai su tsibirin Murano, don gudun gobara. Tara su wuri guda ya kuma sauƙaƙa sa musu ido. An ba masu sana'ar gata mai yawa, har 'yar gidan gwanin gilashi tana iya auren ɗan sarauta ba tare da 'ya'yanta sun rasa darajar ubansu ba. Amma gatan da sharaɗi yake. An hana su fita da sana'ar zuwa wata ƙasa, wanda ya gudu kuwa a hukunta shi, a matsa wa danginsa har ya dawo.

Su masu aikin fitila, tun da wutarsu ƙarama ce, a cikin gidaje da ƙananan shaguna suke aiki. Murano na kawo musu sanduna, su kuma su naɗa duwatsu, mata su zauna a ƙofar gida suna shirya ƙananan tsakiya a zare. A hannunsu aka riƙa yin dutsen nan da suke kira "furanni dubu", wanda ake yanka sanda mai zane gunduwa-gunduwa a manna a jikin dutsen tun yana da zafi. A ƙarni na 18 da na 19 jiragen ruwa sun yi ta sauke waɗannan duwatsu a gaɓar Afirka ta Yamma, ana musayarsu da manja da zinariya da hauren giwa, har da bayi, abin da bai kamata mu tsallake shi ba in muna ba da wannan tarihi. Daga bakin teku fatake suka shiga da su cikin ƙasa, kuma Hausawa na cikin waɗanda suka fi yawo da su. Daga ƙarshen shekarun 1960 labarin ya juya: 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, cikinsu har da namu, suka riƙa bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin duwatsun nan, ana fitar da su Turai da Amurka da tsada.

YADDA SIRRI YA FASU

Duk tsananin dokar Benis, ba ta iya riƙe sana'ar ba. A shekarar 1612 wani limamin coci ɗan birnin Fulorans, Antonio Neri, ya buga littafi ya zayyana yadda ake haɗa gilashi da launukansa. A 1662 Christopher Merret ya juya shi zuwa Ingilishi. A 1679 Johann Kunckel ya fitar da shi da Jamusanci tare da ƙarin nasa bayani, har da zanen masu aikin fitila a teburinsu da zugazuginsu. A 1665 kuma ministan kuɗin Faransa, Colbert, ya yaudaro wasu gwanayen madubi daga Murano zuwa Faris. Tun kafin nan ma 'yan Italiya sun zauna a garin Nevers na Faransa, inda aka shahara da yin 'yan mutum-mutumi na gilashi a kan fitila.

Sannu a hankali Bohemiya, wato yankin ƙasar Cek ta yau, da Ingila suka fito da nasu irin gilashin suka ci kasuwa. A 1797 Napoleon ya kawo ƙarshen daular Benis, ba a daɗe ba aka rushe ƙungiyoyin masu sana'a. A waɗannan shekaru na ƙunci, cinikin duwatsun ado na cikin abin da ya riƙe mutanen Murano.

Wani misali shi ne Lauscha, ƙauye ne a cikin dazukan Jamus. A 1597 mutum biyu, Hans Greiner da Christoph Müller, suka kafa tanderu a wurin. Da zuriya ta yi yawa tanderun ya kasa ɗaukar kowa, sai gidaje suka koma aikin fitila, uba da uwa da 'ya'ya kowa da abin da yake yi. Da yake sana'ar ta bazu a gari, kowane zamani sai wani ya ƙaro sabon abu. A 1835 Ludwig Müller-Uri, wanda ke yin idanun 'yar tsana, ya fara yin idon gilashi ga mutanen da suka rasa ido. Wasu suka shiga hura 'yan ƙwallayen ado na bishiyar Kirsimeti. A 1867 aka kawo wa ƙauyen gas, wuta ta ƙara zafi da daidaito, kuma daga shekarun 1880 kantunan Woolworth na Amurka suka riƙa sayen kayan Lauscha da yawan gaske.

HANNUN DA KIMIYYA TA JINGINA DA SHI

Akwai ɓangaren wannan tarihi da ba a cika faɗa ba. Masana kimiyya ba su da yadda za su yi sai da mai aikin fitila. A tsakanin 1657 da 1667 wata majalisar masana a Fulorans ta sa an yi mata ma'aunan zafi na siririn bututun gilashi, wasu a murɗe kamar igiya, kuma suna nan ajiye a gidan tarihin Galileo. A 1857 Heinrich Geissler, Bajamushe mai hura gilashi, ya yi bututun da aka zuƙe iskar cikinsa, in an sa masa lantarki ya yi haske, wanda shi ne kakan fitilun talla masu launi. Lokacin da Thomas Edison ke fafutukar ƙwan lantarki a 1879, wanda ke hura masa ƙwayayen shi ne Ludwig Boehm, wanda ya yi koyo a wurin Geissler.

Kayan aikin ma sun canja. A 1855 aka fito da murhun gas na Bunsen. A garin Jena, Otto Schott, wanda ya kafa masana'anta tare da Ernst Abbe da Carl Zeiss a 1884, ya haɗa gilashi mai sinadarin boron. Buɗewar da wannan gilashi ke yi in ya ji zafi kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta gilashin kwalba, don haka ba ya saurin tsagewa. A 1915 kamfanin Corning na Amurka ya fito da irinsa da sunan Pyrex. Sai dai yana da taurin narkewa, dole a haɗa gas da iskar oksijin, kamar dai yadda masu walda suke yi. Daga nan fitila da zugazugi suka ba wa bututun wuta na zamani wuri.

UBA DA ƊA DA BA SU BAR MAGAJI BA

In ana maganar ƙololuwar gwaninta a wannan sana'a, sunan da ake fara kawowa shi ne Leopold Blaschka, wanda aka haifa a Bohemiya a 1822, da ɗansa Rudolf, haihuwar 1857. 'Yan gado ne, kaka da kakanni. A 1853 Leopold na cikin jirgin ruwa zuwa Amurka sai iska ta ɗauke, jirgi ya tsaya cik na kwanaki. Ya shagala da kallon halittun teku marasa ƙashi, masu jiki garai-garai kamar gilashi, yana zana su. Irin waɗannan halittu in an sa su a kwalbar magani launinsu gushewa yake yi, jikinsu ya saɓule. Bayan ya koma da zama Dresden sai ya shiga yin kamanninsu da gilashi, jami'o'i da gidajen tarihi na ƙasashe da dama suna saye.

A 1886 George Goodale, malamin ilimin tsirrai a Jami'ar Harvard, ya je har gidansu. Matsalarsa ita ce busasshen ganye ba ya nuna wa ɗalibi siffar tsiro da launinsa. Wata attajira, Elizabeth Ware, da 'yarta Mary suka ɗauki nauyin kuɗin. Shekara hamsin ana wannan aiki, har zuwa 1936, aka yi guda kusan 4,300 na jinsin tsirrai kusan 780, da saiwa da ganye da fure, har da 'ya'yan itatuwa masu ruɓewa don a koyar da cututtukan shuka. Mai kallo sai ya rantse yanzu aka tsinko su.

Mutane sun yi ta zargin suna da wata na'ura ta ɓoye. Leopold ya amsa a wata wasiƙa cewa babu wani asiri, hannu ne kawai, kuma mai son ya kai haka sai ya samu kakan uba mai son gilashi, abin ya biyo jini har ya iso kansa. Teburinsu ya gaskata shi, domin katako ne da fitila da zugazugin ƙafa da 'yan hantsaki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan gaskiya ne. Amma uban da ɗan ba su taɓa ɗaukar ɗan koyo ba. Leopold ya rasu a 1895, Rudolf ya ci gaba shi kaɗai, ya rasu a 1939 bai bar ɗa ba. Ranar da aka rufe shagon, gadon ya yanke. Masu gyaran furannin a yau sai dai su bi su da na'urori suna lalubo yadda aka haɗa gilashi da waya da manne da fenti.

FARFAƊOWA TA HANYAR KOYARWA

A tsakiyar ƙarni na 20 injina sun ƙwace yawancin aikin gilashi, aikin fitila ya koma na ɗakunan gwaje-gwaje da na 'yan tsarabar kasuwar baje koli. Abin da ya ɗaga shi makaranta ce. A 1962 Harvey Littleton da Dominick Labino suka shirya taron koyarwa a gidan tarihin fasaha na Toledo a Amurka, suka nuna mutum ɗaya na iya sarrafa gilashi a ƙaramin shagonsa. Nasu aikin na tanderu ne, amma ƙofar da suka buɗe ta shigar da gilashi jami'o'i, masu bututun wuta suka bi. Paul Stankard, wanda ya fara da ƙera kayan ɗakin gwaji, ya koma yin 'yan furanni da ƙudan zuma a cikin dunƙulen gilashi. Gwanayen Murano irin su Lucio Bubacco suka riƙa fita ƙasashe suna koyarwa, abin da a zamanin kakanninsu laifi ne babba. A 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'ar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

NAMU KASON

Ƙasarmu ba baƙuwar gilashi ba ce, ko da yake aikinmu na murhu ne da zugazugi, bai bi ta fitilar tebur ba. A Igbo-Ukwu ta jihar Anambra, tonon da Thurstan Shaw ya fara a 1959 ya fito da duwatsun ado sama da 165,000, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. A Ile-Ife, a kurmin Igbo Olokun, Abidemi Babatunde Babalola ya tono duwatsu kusan 13,000 da tukwanen narka gilashi na ƙarni na 11 zuwa na 15. Gwaji ya nuna haɗinsu ya sha bamban da na sauran duniya, alamar a nan aka dafa gilashin daga kayan ƙasar. Wannan ilimi ya ɓace, har ta kai jikokin masu shi sai dai su tona kurmin su tsinci abin da magabata suka bari.

Sunan Kano ma ya shiga wannan tarihi. Akwai manyan duwatsun gilashi da aka naɗa a birnin Al-Khalil na Falasɗinu, suka bi ta Masar suka isa Darfur da Wadai. A shekarun 1930 fataken Hausawa suka riƙa sayensu a Sudan, ana goge bakinsu don su zauna daidai a zare. Har yau masu tara kayan tarihi a duniya "duwatsun Kano" suke ce musu.

Waɗanda suka fi kusa da aikin fitila su ne mutanen unguwar Masaga a Bida, ƙasar Nupe, waɗanda tarihinsu na baka ya ce daga Masar kakanninsu suka zo. Suna zama kewaye da murhun yumɓu, ana zuga wutar itace, su naɗa narkakken gilashi a sandar ƙarfe su fitar da tsakiya da ƙarau. S. F. Nadel ya bayyana aikinsu a littafinsa kan Nupe na 1942. A da su suke dafa nasu baƙin gilashi da suke kira bikini, daga yashi da kanwa. Da kwalabe suka yawaita sai aka koma fasa su ana narkawa, dafa bikini ya kwanta shekaru masu yawa, sai a 'yan shekarun nan aka sake gwada shi, masu bincike suka rubuta suka ɗauki hotonsa. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da suka yi fice a sana'o'in hannu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In muka jera waɗannan labarai, abu guda suke nunawa. Benis ta kafa doka da hukunci, sirri ya fita duk da haka, kuma fitarsa ce ta haifar da idon gilashi da ma'aunin zafi da ƙwan lantarki. Gidan Blaschka sun kai inda ba wanda ya kai, amma da yake mutum biyu ne kawai suka riƙe abin, kabari biyu suka ishe shi. Lauscha da Murano da Masaga suna nan da ransu saboda kullum akwai yaro a gefen wuta yana kallo.

Mu duba unguwanninmu. Akwai dattawa maƙera, da dukawa, da majema, da marina, da masu aikin hula da ɗinkin babbar riga, waɗanda 'ya'yansu sun kama wata hanya, kuma suna ƙyashin koya wa ɗan haye. Muna roƙonsu su buɗe ƙofa, domin ɗan koyon da ya riƙe sana'a ya fi ɗan gadon da ya yar da ita. Matasanmu kuma kowa da waya a hannu. Zama ɗaya da dattijo, da izininsa, a ɗauki yadda yake aiki da sunayen kayan aikinsa, ya isa ya tsirar da abin da Ife ta rasa. Masu walda da maƙeran zinariya a cikinmu sun riga sun san gas da oksijin, wanda ke sha'awar gwada gilashi sai ya nemi malami, ya tanadi tabarau na musamman da wuri mai shan iska, kuma kada ya haɗa gilashi iri biyu da bai san halinsu ba, don tsagewa za su yi. Masu sayen kayan aure kuwa, in ana lissafin lefe a tuna da na Bida.

Iyayenmu mata da tsofaffin 'yan koli da suka san sunayen duwatsun da, na wuya da na jigida, muna roƙon su faɗa mana mu rubuta mu ajiye. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu magada nagari. Amin.